Yadda ake gyara ko sauya bustar birki a tsohuwar mota

Masu tsofaffin motoci a nan Zariya, musamman waɗanda suka riƙe Fijo 504 da 505 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, da kuma masu tsohuwar Marsandi, sun sha tambayata abin da ya kamata a yi idan fedal ɗin birki ya yi tauri, har sai mutum ya taka da iya ƙarfinsa kafin mota ta tsaya. Yawanci amsar tana komawa ga bustar birki, wato baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke manne a bangon da ya raba injin da mazaunin direba, wadda mastan birki, wato famfon da yake tura man birki zuwa tayoyi, yake ɗaure a gabanta. A cikinta akwai faifan roba wanda zuƙar iskar injin take ja, shi ne yake ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kada a sayi busta sai an tabbatar ita ce ta lalace, kuma kada a ɗaura wata sai an auna sandarta. A waɗannan wurare biyu ne kuɗin mutane yake salwanta.

Mataki na 1: A tabbatar laifin na busta ne

A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a kashe injin. A taka birki sau biyar ko shida har fedal ya yi tauri, domin sauran zuƙar da ke cikin tukunyar ta ƙare. Sai a ɗora ƙafa a kan fedal da matsakaicin ƙarfi, a tayar da injin ba tare da an ɗaga ƙafar ba. Idan busta tana aiki, za a ji fedal ya ɗan nitse ƙasa da kansa da zarar injin ya kama. Idan bai motsa ba, to ko dai zuƙa ba ta isa wurin busta, ko kuma bustar ta mutu.

Gwaji na biyu yana nuna ko tukunyar tana riƙe iska. A bar injin ya yi minti biyu yana aiki, a kashe shi, a jira minti ɗaya, sannan a taka birki a hankali sau uku. Takun farko ya kamata ya zo da laushi, na biyu ya ɗan fi shi tauri, na uku ya fi duka. Idan tun takun farko fedal ya zo kamar dutse, akwai inda iska take yoyo. Na uku kuma, a taka birki injin yana aiki, a kashe injin ƙafa tana kai, a riƙe na daƙiƙa talatin. Fedal ɗin da yake turo ƙafa sama a cikin wannan lokaci yana shaida cewa faifan roba ko bawul ɗin ciki ya samu matsala.

Akwai wasu alamu da ke tafiya tare da waɗannan: ƙarar huci daga ƙarƙashin sitiyari duk lokacin da aka taka birki, da injin da yake rawa ko ya nemi mutuwa idan an tsaya a danja, domin iskar da take shiga ta yagaggen faifai tana wucewa kai tsaye cikin injin ta ɓata masa silo.

Gargaɗi: fedal mai laushi kamar soso, ko wanda yake nitsewa a hankali har ƙasa, ba ciwon busta ba ne. Wannan iska ce a cikin layin mai, ko robobin masta da suka gaji, ko yoyo a wata taya. Wanda ya sauya busta a kan wannan alama zai biya kuɗi ya koma gida da matsalarsa.

Mataki na 2: A binciki tiyo da bawul kafin a taɓa sifana

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi arha. Daga manifol ɗin injin, wato bututun da iska da fetur suke bi su shiga injin, ƙarƙashin kafireta, akwai tiyo mai kauri da ya taho ya shiga jikin busta ta wani ɗan bawul na roba mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. A bi tiyon da hannu daga farko har ƙarshe, a lanƙwasa shi a duba tsaga, musamman bakinsa biyu da kuma ɓangaren da ya kusanci zafin injin. Zafin bazara na watan Maris da Afrilu da bushewar hunturu suna cin roba a ƙasar nan fiye da yadda mutane suke zato, kuma tiyon da ya shekara ashirin yana iya zama lafiya a ido alhali cikinsa ya ruɓe yana toshewa.

A zare tiyon daga busta injin yana silo, a ɗora babban yatsa a bakinsa. Ya kamata ya kama yatsan da ƙarfi. Wanda yake da gejin auna zuƙa zai fi samun tabbaci: lafiyayyen injin fetur yana ba da inci 17 zuwa 21 a bakin teku, amma awon yana raguwa da kimanin inci ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, kuma Zariya ta haura mita 600. Saboda haka a nan inci 15 zuwa 19 ba abin damuwa ba ne. Idan awon ya faɗi ƙasa da haka sosai, injin ne yake bukatar dubawa, ko tayimin, ko gasket ɗin manifol, kuma sabuwar busta ba za ta yi masa magani ba.

Bayan haka a zare bawul ɗin a hankali, a goge shi, a hura ta kowane ɓangare. Dole iska ta wuce daga ɓangaren busta zuwa ɓangaren injin, ta ƙi wucewa idan an juya. Wanda yake bari ta wuce ta ko'ina, ko yake hanawa ta ko'ina, ya mutu. A duba kuma robar da bawul ɗin yake zama a cikinta, domin takan tsage ta ƙarƙashi inda ido ba ya gani.

Motar dizal ba ta samun zuƙa daga manifol, famfo ne na musamman yake samar mata, don haka a Fijo ko Marsandi mai shan dizal famfon ake fara gwadawa. A tsohuwar Marsandi mai dizal ma, zuƙar ce take kashe injin, shi ya sa idan an murɗa makulli injin ya ƙi mutuwa kuma birki ya yi tauri, to a nemi yoyon iska ko a dubi famfon.

Gargaɗi: idan za a sauya tiyo, a nemi mai zare a jikinsa wanda aka yi don zuƙa. Tiyon ruwa ko na lambu yana motsewa ya manne idan ya ɗauki zafi, birki ya yi tauri a tsakiyar tafiya.

Mataki na 3: A leƙa cikin tukunyar

Tunda an riga an cire bawul, a zura tsaftataccen tsinke ko siririyar waya ta ramin har ƙasan tukunyar, a zaro a duba. Idan ya fito a jiƙe da man birki, robar bayan masta ta fashe tana zubar da mai cikin busta. Wannan shi ne sirrin motar da man birkinta yake raguwa kullum ba a ga ɗigo a ƙasa ba, wani lokaci har da farin hayaƙi daga salansa, domin injin yana zuƙe man yana ƙonawa. Na taɓa ganin haka a motar mahaifina: an sauya mata busta, ba a taɓa masta ba, kafin damina ta zagayo man ya sake cinye faifan, aka koma gidan jiya. Duk inda aka samu mai a ciki, masta da busta tare ake yi musu aiki.

Mataki na 4: Gyara ko sauyawa, da lissafin kuɗi

Ra'ayina a nan a fili yake: ga mai gyara a gida, sauyawa ta fi buɗewa. Tukunyar ɓari biyu ce da aka matse ko aka murɗa suka kulle, kuma a cikinta akwai babban sifirin da yake a danne, wanda kan iya wurgo murfin a fuskar mutum idan aka buɗe ba tare da matsewa ba. Gyara yana da amfani ne kawai idan an samu sabon faifai da robobin da suka dace da ita, kuma aka kai wa wanda ya saba da aikin. Liƙe yagaggen faifai da gam ko facin tayar keke ganganci ne da rai.

Idan sauyawa za a yi, zaɓi biyu ne, sabuwa ko ta hannu. Akan fara neman ta a shagunan kayan mota na Sabon Gari, idan ba a dace ba sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. A tafi da tsohuwar a hannu, a jera su, a gwada faɗin tukunya, da tazarar ƙusoshin baya da na gaba, da tsawon sandar da take zuwa fedal da siffar bakinta, da wurin da bawul yake. Kama da wane ba ta wane, kuma busta biyu suna iya yin kama a ido alhali sandar ɗaya ta fi ta ɗaya tsawo. Ta hannu kuwa a karkata ta a ga ko mai zai fito, a girgiza a saurara ko wani abu yana yawo a ciki, sannan a yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa za a dawo da ita idan ta faɗi gwaji.

Farashi yana tafiya ne da canjin kuɗi, don haka a tambayi shago uku kafin a biya. Abin da ya kamata ya shiga lissafi shi ne bustar kanta, wadda ita ce mafi tsada, da masta ko robobinsa, da man birki lita ɗaya, da tiyo da maɗaurai biyu, da bawul da robarsa idan ba su zo tare ba, da ladan makaniki idan shi zai yi. A ware ɗan abu kuma saboda bututun ƙarfe, domin a tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne ɗaya ya karye wurin kwancewa.

Mataki na 5: Kayan aiki

Ana bukatar sifana da soket masu lamba 8, 10, 11, 13 da 17, da sifanar bututu mai tsagaggen baki, da fulaya mai dogon baki, da sukudireba, da sirinji babba, da siririn tiyo mai nuna ciki da kwalba, da tsummoki, da tocila, da man kwance tsatsa, da ma'aunin baniya, wato ma'aunin ƙarfe mai auna kauri da zurfi da milimita, ko ɗan ƙullin yumɓu mai laushi, da bokitin ruwa. Ana kuma bukatar mutum na biyu a ƙarshen aiki. A fara da safe, domin aikin yakan ci rabin yini idan notuna ba su yi gardama ba.

Mataki na 6: Cire masta

A sa wa tayoyi weji, a cire kan batir na nagetif, a taka birki har zuƙa ta ƙare. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a taɓa komai, saboda a san inda kowane bututu yake komawa. A zuƙe man birkin da ke cikin kofin da yake saman masta da sirinji, a shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, a fesa man kwance tsatsa a kan notunan bututu a ba shi minti goma. Da sifanar bututu ake kwance su, domin sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kafaɗar notin, daga nan sai fulaya da ɓarna. A toshe bakin kowane bututu da tsaftatacciyar leda, sannan a kwance noti biyun da suka riƙe masta a jikin busta, a zaro shi a miƙe.

A wasu motocin ana iya matsar da masta gaba ba tare da an kwance bututu ba. Idan mastan lafiya yake kuma bututun suna da sarari, wannan yana rage aiki, amma kada a tilasta, domin bututun da ya tsufa yana tsagewa daga ciki idan aka lanƙwasa shi.

Gargaɗi: man birki yana cin fenti cikin ƙanƙanin lokaci. Idan ya ɗiga a jikin mota a kwara ruwa nan take, kada a goge da busasshen tsumma. Idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa.

Mataki na 7: Cire busta

A tura kujerar direba baya, a kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila. Sandar busta tana haɗe da fedal ta wani fin mai makulli. A cire makullin da fulaya, a zare fin ɗin, a lura da jerin ƙananan zobban ƙarfe da robobin da ke jikinsa, a ajiye su a kofi yadda suka fito. Maɓallin fitilar birki yana nan kusa, a kula kada a karya shi. Sai a kwance notunan da suka riƙe busta a bango, waɗanda huɗu ne a yawancin motoci, a bar na ƙasa ɗaya har ƙarshe, sannan a fita a zaro tukunyar ta wajen injin. Idan akwai gasket ko farantin da ke tsakaninta da bango, a adana shi.

Mataki na 8: Auna sanda

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne na fi ganin gaggawa tana yin ɓarna. A gaban busta akwai gajeriyar sanda da take shiga bayan masta ta tura fistin ɗinsa. Idan birki yana hutawa, tsakanin kan sandar da fistin ya kamata a samu 'yar tazara da ba ta wuce rabin milimita ba, wato kusan su taɓa juna amma ba tura. Idan sandar ta yi tsawo, fistin ba zai koma mazauninsa ba, zai rufe ɗan ramin da mai yake komawa kofi, sai mota ta tashi lafiya daga Samaru, kafin ta kai Kwangila birki ya fara kamawa da kansa, tayoyi su yi zafi, mota ta yi nauyi kamar ana jan ta ta baya. Idan kuma ta yi gajarta, fedal zai yi tafiya mai nisa kafin birki ya kama.

Da ma'aunin baniya, a auna zurfin ramin fistin daga fuskar da masta yake zama a kan busta, a auna kuma yadda sandar ta fito daga fuskar busta, a kwatanta. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗora ɗan ƙullin yumɓu kamar ƙwayar dawa a kan sandar, ya ɗaura masta ya matse notuna, ya sake cirewa ya dubi kaurin da yumɓun ya rage. Idan ya tsage har ƙarfe ya bayyana, ko masta ya ƙi zama daidai sai an danna shi, sandar ta yi tsawo. Yawancin sanduna suna da kai mai zare, ana riƙe jikin da fulaya a murɗa kan kaɗan kaɗan, a sake aunawa. A goge yumɓun tas daga cikin ramin bayan an gama.

Gargaɗi: kada a zaro wannan sanda waje, kuma kada a kifa busta fuskarta ƙasa. A gindin sandar akwai wata 'yar roba mai faɗin kwabo, wadda ita take sa ƙarfin birki ya bi ƙarfin ƙafa. Idan ta faɗa cikin tukunya, fedal zai yi nisa sannan birki ya riƙa cafkewa gaba ɗaya da ɗan taɓawa. Ita ce sau da yawa ake jin tana yawo a cikin busta ta hannu.

Sandar baya mai zuwa fedal kuma a daidaita tsawonta da na tsohuwar kafin a ɗaura.

Mataki na 9: Ɗaurawa

A mayar da gasket, a zura busta, a kama duk notunan da hannu tukuna, sannan a matse su a gicciye. A shafa ɗan giris a fin, a mayar da shi da makullinsa, a ja shi da yatsa a tabbatar ya zauna, domin fin ɗin da ya zame yana nufin babu birki ko kaɗan. A danna fedal da hannu: ya kamata ya yi ɗan wasa na milimita kaɗan kafin a ji ya fara tura sanda, kuma ya dawo sama da kansa. A duba ɗan matacin iska da ke kewaye da sandar baya, wanda ƙurar hunturu take toshewa har birki ya riƙa jinkirin kamawa, a tabbatar yana da tsabta kuma robar da ta rufe shi ba ta yage ba.

Idan masta sabo ne ko an sauya masa robobi, a fitar masa da iska kafin a ɗaura: a kama shi a bais, wato matsin ƙarfen da ke kan teburin makaniki, a cika kofi, a juyo gajerun tiyo daga ramukansa zuwa cikin kofin, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta daina fitowa. Sai a ɗaura shi, a fara kama notunan bututu da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa su. A mayar da bawul da tiyo, a lura da fuskar bawul idan irin na tsakiyar tiyo ne.

Gargaɗi: da man birki ake wanke robobin birki. Fetur, kananzir da baƙin mai suna kumbura su.

Mataki na 10: Fitar da iska daga layi

A cika kofi da man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar gora da ba a taɓa buɗewa ba, domin wannan mai yana shan danshi daga iska, kuma wanda ya sha ruwa yana tafasa idan birki ya yi zafi. Ruwan sabulu da wasu suke zubawa idan mai ya ƙare a hanya yana tsatsar da komai kuma yana yanke birki a gangara, duk motar da aka taɓa yi wa haka a wanke layinta gaba ɗaya.

A fara da tayar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Mataimaki ya taka sau uku ya riƙe, a buɗe ɗan notin fitar da iska, mai ya fita ta siririn tiyo zuwa kwalba, a rufe, sannan a ce masa ya saki. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana duba kofi bayan kowane taku biyar kada ya bushe. Idan tsohon masta aka mayar, a sa ɗan katako a ƙarƙashin fedal don kada ya kai ƙasa, saboda fistin kada ya shiga ɓangaren da ya yi tsatsa ya yanke roba. A Fijo 504 akwai bawul a baya mai rage ƙarfin birki gwargwadon kaya, don haka a fitar da iskar baya nauyin mota yana kan tayoyinta, ba suna reto a kan jak ba.

Mataki na 11: Gwaji

A mayar da kan batir, a sake gwaje-gwaje ukun nan na mataki na farko, a sa mataimaki ya duba fitilar birki, a taka da ƙarfi na rabin minti ana duba kowace mahaɗar bututu ko akwai danshi. Gwajin hanya a yi shi a layin da babu yara kuma babu 'yan acaɓa, ba a kan titin Kaduna zuwa Kano ba. A fara da gudun kilomita 20, a taka, sannan 40, a lura ko mota tana ja gefe ɗaya. Bayan tafiyar minti goma sha biyar a tsaya, a kusantar da bayan hannu ga kowace taya ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Idan duka suna huci da zafi kuma fedal ya hau sama ya rasa wasansa, a sassauta noti biyun masta kaɗan, idan mota ta saki nan take to sandar ta yi tsawo, a koma mataki na 8. Idan komai daidai ne, a sa alama da biro a jikin kofi daidai inda mai ya tsaya, a riƙa duba ta kowace safiya har mako guda.